Tsadar Mai: Me Ya Sa Tafiyar Hutu Ke Fara Jin Jiki Kafin Zirga-zirgar Yau da Kullum?

A gidan mai ake fara ganin alamar. Kafin farashi ya tashi, direba kan ce a cika masa tanki, ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Da zarar ya tashi, sai ya koma faɗin adadin kuɗin da za a zuba masa, idonsa a kan famfo, lambobin kuɗi suna gudu, na lita suna jan ƙafa a bayansu. Ya tayar da mota, allurar mai ta ɗaga kaɗan, ta tsaya ƙasa da inda ta saba tsayawa. Wannan ɗan giɓin da ke tsakanin inda allura take kaiwa da da inda take tsayawa yanzu, shi ne mai mota zai nemi inda zai cike.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, kowa na kukan tsadar mai, amma cunkoson safe bai ragu ba, filayen jiragen sama kuma a cike suke. A gefe guda masu otal-otal da wuraren shaƙatawa na nesa sukan ce baƙi sun ja baya, waɗanda suka zo ma kwana biyu suke yi maimakon huɗu. Duka biyun gaskiya ne. Tsadar mai ba ta cika raba mutum da motarsa ba. Tace tafiye-tafiye take yi: ta bar na dole, ta ci na ganin dama, sannan ta zagaya ta rage wa sauran buƙatun gida kasonsu.

Abin da ke ƙunshe cikin kuɗin lita ɗaya

Kuɗin da ake biya a famfo abu huɗu ne a haɗe. Na farko shi ne ɗanyen mai, wanda ake cinikinsa da ganga a kasuwar duniya. Ganga ɗaya lita 159 ce, kuma da dalar Amurka ake sayen ta. Idan aka ji 'yan jarida suna cewa farashin Brent ya kai kaza, ɗanyen man Tekun Arewa suke nufi, wanda ake haƙowa tsakanin Birtaniya da Norway, shi ne ya zama mudun da ake auna yawancin sauran da shi. Na biyu kuɗin tacewa ne, domin ba a zuba ɗanyen mai a mota, sai matata ta fitar da fetur da dizal da kananzir da man jirgin sama daga cikinsa. Na uku shi ne dako da ajiya da ribar dillali da mai gidan mai. Na huɗu kuwa hannun gwamnati ne: ko ta ɗora haraji, ko ta sa tallafi.

Wannan na huɗun ne ya sa ganga ɗaya ke haifar da farashi daban-daban a ƙasashe. A Amurka harajin gwamnatin tarayya santi 18.4 ne a kan kowane galan, kuma ba a taɓa shi ba tun 1993, sai abin da jihohi ke ƙarawa nasu. A yawancin ƙasashen Yammacin Turai kuwa, kusan rabin abin da direba ke biya haraji ne. A Iran da Libiya da Benezuwela, tallafi ya daɗe yana riƙe farashi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Saboda haka idan ɗanyen mai ya ninka, direban da harajin ƙasarsa ba shi da yawa yakan fi jin girgizar, domin ɗanyen man ne kaso mafi tsoka a cikin kuɗinsa. Wanda ya saba biyan haraji mai nauyi dama can yana cikin tsada, ƙarin bai kai masa ninki ba.

Akwai kuma canjin kuɗi. Tunda da dala ake sayen ganga, duk ƙasar da kuɗinta ya faɗi za ta ga mai ya hau ko da kasuwar duniya ba ta motsa ba. A Yulin 2022 yuro ya sauko ya yi kunnen doki da dala, karon farko cikin shekara ashirin, sai tsadar ta zo wa direbobin Turai ta fuska biyu.

Direbobi a ko'ina suna da ƙorafi ɗaya: in ganga ta hau, gobe famfo ya bi ta, in ta sauka, sai an yi makonni ana jira. Masana tattalin arziki sun tabbatar da haka a kasuwanni da dama, har suka yi masa laƙabi da tashin roka, saukar gashin tsuntsu. Masu gidajen mai kan ce tsohon kaya ne da suka saro da tsada suke ƙarar da shi. Masu sukarsu kan ce idan farashi na sauka, masu saye sukan daina zagayen neman mai sauƙi, don haka babu mai matsa wa dillali ya rage. Kowane ɓangare na da hujja, kuma wanda ya fi rinjaye ya danganta da yawan gasar da ke tsakanin gidajen mai a wurin.

Me ke sa ganga tashi

Duniya na shan kusan ganga miliyan 100 a kowace rana, kuma rarar da ke akwai kaɗan ce. Ba a haƙa sabuwar rijiya a wata ɗaya, masu mota kuma ba sa daina tuƙi a mako ɗaya. Shi ya sa ƙaramin giɓi ke haifar da babban tsalle. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz yake bi, tsakanin Iran da Oman; ko barazanar rufe shi kawai ta isa ta motsa farashi.

A 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun hana sayar wa Amurka da Holan da wasu ƙasashe, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. A Yulin 2008 ta kai dala 147, bisa ƙaruwar buƙata musamman daga Sin, kafin durƙushewar tattalin arzikin duniya ya faɗo da ita ƙasa da 40 a ƙarshen shekarar. A Afrilun 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, farashin wani nau'in man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili na yini guda, saboda an rasa wurin ajiya. Shekara biyu bayan haka Rasha ta afka wa Yukren, Brent ya doshi dala 140 a Maris 2022, kuma a watan Yuni matsakaicin farashin galan ɗin fetur a Amurka ya haura dala 5 a karon farko. Dizal ya fi fetur tashin gwauron zabi a wannan karon, domin an rufe matatu da dama lokacin korona, ga shi kuma a lokacin Rasha ce ke sayar wa Turai kaso mai yawa na dizal ɗinta. A tsakanin waɗannan girgize-girgize akwai OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, wadda aka kafa a Bagadaza a 1960, kuma tun 2016 take haɗa kai da Rasha da wasu ƙasashe wajen rage ko ƙara abin da ake fitarwa.

Dalilin da tituna ba sa raguwa

Idan kayan ƙawa suka yi tsada, mutum na iya haƙura da su. Mai ba haka yake ba. Wurin aiki bai matso kusa ba don fetur ya hau, makarantar yara tana nan inda take, asibiti ma haka. Motar da ke ƙofar gida ita ce dai wadda aka saya shekarun baya, da irin shan man da aka ƙera ta da shi. Bincike da dama sun nuna cewa idan farashi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, shan mai a watannin farko kan ragu ne da abin da bai wuce kashi 1 zuwa 3 ba. Ma'ana, mutane sukan biya ƙarin ne, su nemi inda za su yanke a wani wurin: cin abinci a waje, sabbin tufafi, gyaran gida, ko ɗan abin da ake ajiyewa a ƙarshen wata.

Duk da haka, akwai canje-canjen da ke faruwa a hankali waɗanda mai kallon titi ba zai lura da su ba. Fita uku ta koma ɗaya: a hanyar ɗauko yara a tsaya kasuwa, a biya kantin magani, a dawo gida. Gidan da ke da mota biyu sai ƙaramar ta zama ta kullum, babbar ta kwanta. Abokan aiki da ke unguwa ɗaya su fara karɓa-karɓa, yau a motar wannan, gobe a ta wancan. Wanda aikinsa na kwamfuta ne ya nemi a bar shi ya yi kwana ɗaya ko biyu daga gida. Ziyarar da ake kai wa dangi duk mako ta koma duk wata, waya ta cike sauran. Wannan na ƙarshen ba ya fitowa a lissafin kowace hukuma, amma tsoho ko tsohuwar da ke zaune nesa su ne suka fi saninsa.

A 2008 jimlar tafiyar da Amurkawa suka yi a mota ta ragu, abin da aka daɗe ba a gani ba, masu shiga bas da jirgin ƙasa kuma suka kai adadin da ba a taɓa gani ba cikin fiye da shekara 50. Sai dai a nan masana sun rabu: wasu na ganin tsadar mai ce, wasu na cewa rashin aikin yi da ya biyo bayan durƙushewar bankuna ne ya zaunar da mutane a gida. Abin da ya ƙarfafa ɓangaren farko shi ne raguwar ta fara tun kafin bankunan su faɗi a watan Satumba.

Lissafin tafiyar hutu

A nan ne lamarin ya fi ban mamaki, kuma lissafi ne kawai zai fito da shi. A ɗauki mota mai shan lita 8 a kowace kilomita 100. Mai ita yana yin kilomita 40 a rana, zuwa aiki da dawowa, kwana 22 a wata. Wato lita 70 ke nan a wata, kusan 845 a shekara. Idan mai ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, ƙarin da zai biya a shekara daidai yake da kuɗin lita 211 a tsohon farashi. To a ce iyalin nan suna shirin tafiyar hutu mai nisan kilomita 1,200 zuwa da dawowa. Lita 96 za ta ci, ƙarin da tsada ta jawo kuwa kuɗin lita 24 ne kacal. Zirga-zirgar aiki ta ninka tafiyar hutu kusan sau tara wajen cin aljihu.

Amma hutun ake fara yankewa. Ba don shi ya fi tsada ba, sai don shi kaɗai ne a hannun mai gida. Ba zai iya cewa ba zai je aiki ba, amma zai iya cewa bana ba za a yi nisa ba. Kuɗin da aka yi niyyar tarawa don hutun ma, tankin Litinin zuwa Juma'a ya riga ya lashe shi kaɗan-kaɗan tun watanni kafin lokacin ya zo.

Ga yadda abin kan kasance a gidaje da yawa. Miji da mata sun zauna da dare bayan yara sun yi barci, taswira a buɗe a waya, takarda da biro a gefe. An rubuta mai, masauki, abinci, kuɗin shiga wuraren kallo. Jimla ta fito ta wuce abin da ke hannu. Babu wanda ya kawo maganar fasawa, domin an riga an yi wa yara alkawari tun farkon zangon karatu. Sai a fara sassaƙa: kwana biyar su koma uku, wurin da ke da nisan awa takwas a musanya shi da mai awa uku, otal ya koma gidan wani ɗan'uwa da ke kan hanya, a yi guzuri daga gida maimakon tsayawa ci a hanya. Hutun na nan, amma ya rame.

Wannan sassaƙar ita ce ke bayyana kukan masu sana'ar baƙi. Mai gidan abinci na bakin babbar hanya, mai sayar da kayan tsaraba, mai jagorantar 'yan yawon buɗe ido, duk a kan kuɗin gefe suke rayuwa, kuma kuɗin gefen ne ake fara tsukewa. Wuraren da ke kusa da manyan birane kuwa sukan samu ƙarin baƙi, domin su ne suka gaji waɗanda suka fasa yin nisa. A 2008 ne kalmar Turanci "staycation" mai nufin yin hutu a gida ko kusa da gida ta bazu a jaridun Amurka da Birtaniya. Waɗanda suka fi shan wahala su ne wurare masu nisa da ba a isa gare su sai da mota, da kuma masu manyan motocin da ake kwana a cikinsu, waɗanda shan mansu kan ninka na ƙaramar mota sau biyu ko fiye.

Ta sama ma ba a tsira ba

Man jirgi kan ci kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abin da kamfanin jiragen sama ke kashewa, don haka tsadar ganga dole ta bayyana a tikiti. Ba nan take take bayyana ba, domin kamfanoni da yawa sukan ƙulla cinikin mai na watanni ko shekaru masu zuwa a kan tsayayyen farashi. Wanda ya ƙulla da wuri ya samu sa'ida, wanda bai yi ba ya ji a jikinsa. A 2008 kamfanoni irin su Aloha a Amurka da XL a Birtaniya sun rufe. A shekarar ce kuma American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da fasinja ya ba da a saka masa a cikin kaya. Mai ya sauka daga baya, kuɗin jaka bai sauka ba, ya ma zama al'adar kamfanoni da yawa.

Akwai wani juyi da ba a cika lura da shi ba. Kuɗin man mota ana raba shi ne tsakanin mutanen da ke ciki, tikitin jirgi kuwa kowane kai da nasa. Iyali mai mutum biyar idan tikiti ya hau sau biyar suke jin ƙarin. Saboda haka tsadar mai na iya ƙara yawan masu tafiyar hutu a mota, ba ta rage su ba.

Bazarar 2022 ta nuna iyakar tasirin farashi. Mai na kan ganiyar tsada, amma mutanen da korona ta tsare shekara biyu suka yi ɗango a filayen jiragen sama, har filin Heathrow na Landan, da ke fama da ƙarancin ma'aikata, ya ƙayyade fasinjoji masu tashi zuwa 100,000 a rana. Wanda ke da ajiya a hannu kuma yana ɗokin tafiya, tsadar mai ba ta tsayar da shi. Ta fi tsayar da wanda ya daɗe cikinta har ajiyar ta ƙare.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafar direba

Cikin duk abin da direba zai iya yi, rage gudu ne ya fi tasiri a doguwar hanya. Iskar da mota ke kutsawa tana ƙara turjiya fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: in gudu ya ninka, turjiyar sau huɗu take ninkawa. Yawancin motoci daga wajen kilomita 80 a awa shan mansu ke fara hawa da sauri. A kan wannan ne Amurka ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kusan kilomita 89, a 1974, dokar da ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1995. A shekarar farko mace-macen hanya sun sauko daga kusan 54,000 zuwa wajen 45,000, ko da yake raguwar tafiye-tafiye ma ta taimaka. Holan da Jamus ta Yamma kuwa hana tuƙi suka yi a wasu ranakun Lahadi a ƙarshen 1973. Da tsadar 2022 ta zo, Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda rikicin 1973 ne ya haife ta, ta sake fito da irin waɗannan shawarwari guda goma, ciki har da rage gudu da aƙalla kilomita 10 a awa da yin aiki daga gida, ta ce za su iya rage ganga miliyan 2.7 a rana idan ƙasashe masu arziki suka bi su duka.

A cikin gari, taka totur da ƙarfi sannan a danne birki shi ne babban ɓarawon mai. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin garaje na iya ƙara asarar mai da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoso. Akwatin kaya da aka ɗaure a saman mota na iya cin kashi 10 zuwa 25 a babbar hanya, abin da ya shafi masu tafiyar hutu kai tsaye. Barin inji a kunne mota na tsaye kan sha lita ɗaya zuwa biyu a awa. Cika iskar taya daidai yana taimakawa, amma ribarsa ba ta wuce kashi 3 ba, tana ƙasa da yadda ake zuzuta ta.

Wasu dabarun kuwa gyaran gangar auzinawa ne. Sakin mota a firi a gangara ba ya rage komai a motocin zamani, domin su da kansu suke yanke mai in an ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, kuma firi na rage wa direba iko da motar. Yawo kullum da tanki a ƙasa na iya gajiyar da famfon da ke cikin tankin, wanda man ne ke sanyaya shi. Jinkirta juye ko canjin taya don a samu na mai, ɗage kashe kuɗi ne zuwa ranar da zai fi yawa. Mafi haɗari shi ne tara fetur a jarkoki a cikin gida don gudun ƙarin gobe.

Hanyoyi uku da gwamnatoci ke bi

Hanya ta farko ita ce sauke farashin kai tsaye, ta rage haraji ko biyan tallafi. A 2022 Birtaniya ta rage fene 5 a lita, Jamus ta sassauta harajin mai na wata uku, Faransa ta yi rangwamen da ya kai santi 30 a lita a kakar shekarar. Masu goyon baya sun ce agajin gaggawa ne da ke isa ga kowa ba tare da cike takarda ba, kuma yana rage hauhawar farashin kaya, tunda kusan komai a mota ake dakonsa. Masu adawa sun ce wanda ya fi shan mai shi ya fi cin moriya. Binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya a ƙasashe masu tasowa ya gano cewa kashi 20 cikin 100 mafi arziki na samun tallafin mai ninki shida na abin da kashi 20 mafi talauci ke samu. A 2022 tallafin da gwamnatocin duniya suka zuba a kan mai da gas da kwal da wutar da ake samarwa da su ya haura dala tiriliyan 1.

Ta biyu ita ce a bar farashi ya bi kasuwa, a ba masu ƙaramin ƙarfi kuɗi a hannu. Faransa ta koma wannan a 2023, inda ta ba ma'aikata masu ƙaramin albashi da ke zuwa aiki a mota yuro 100. A takarda ta fi adalci da arha. A aikace tana buƙatar sahihin rajista da amanar jama'a, kuma wanda albashinsa ya ɗara iyakar da aka yanka da kaɗan yakan tashi a tutar babu. Siyasarta ma da zafi. Ƙarin harajin mai ne ya fito da masu zanga-zanga sanye da riguna masu ruwan ɗorawa kan titunan Faransa a Nuwamban 2018, har gwamnati ta janye shi. A Ekwado, cire tallafi a Oktoban 2019 bai yi mako biyu ba aka mayar da shi saboda zanga-zanga.

Ta uku ita ce a sauƙaƙa madadin mota. Jamus ta fito da tikitin yuro 9 na wata guda a bas da jiragen ƙasa na yankuna daga Yuni zuwa Agustan 2022, aka sayar da kusan miliyan 52. Jirage sun cika maƙil, iyalai da yawa sun yi hutun da da ba su da halinsa. Amma nazarin da aka yi daga baya ya nuna tafiye-tafiye da yawa ƙari ne, ba maye gurbin mota suka yi ba, mutanen karkara da bas ba ya zuwa musu kuma ba su amfana sosai ba.

Wanda nauyin ke sauka a kansa, da abin da ke biyo baya

Ƙarin famfo ɗaya ne ga kowa, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne. Mai babban albashi da ke tsakiyar birni, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma aikinsa na yiwuwa daga gida, yana da mafita uku ko huɗu. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da magini mai yawo da kayan aiki, da wanda tsadar haya ta tura bayan gari, ba su da ko ɗaya. Direban tasi da mai kai saƙo a babur gaba kura baya sayaki suke: in sun ƙara kuɗi fasinja ya ragu, in ba su ƙara ba su yi wa gidan mai aiki. Wanda bai taɓa mallakar mota ba ma yana biya, a kuɗin bas da kuma farashin duk abin da babbar mota ta ɗauko.

Babban canji sai tsada ta daɗe yake zuwa, lokacin da mutane suka yarda ba mai wucewa ba ce. Bayan 1973 Amurka ta kafa dokar ƙayyade shan man sababbin motoci a 1975, ƙananan motocin Japan suka samu shiga kasuwarta, Brazil kuma ta fara shirin sarrafa rake ya zama man mota a shekarar. A Mayun 2008 ƙaramar Honda Civic ta sha gaban babbar a-kori-kurar Ford wajen ciniki a Amurka, bayan shekaru da dama a-kori-kurar tana kan gaba. Yanzu kuma ga motoci masu lantarki: a 2024 sun haura kashi ɗaya cikin biyar na sababbin motocin da aka sayar a duniya, a Norway kuwa sun kusa tara cikin goma.

Sai dai juyin kan koma baya in mai ya yi sauƙi. Da ganga ta faɗi a ƙarshen 2014, masu saye a Amurka suka koma wa manyan motoci, har Ford ya daina ƙera yawancin ƙananan motocinsa don kasuwar ƙasar. Matsakaicin shekarun motar da ke kan titi a Amurka da Tarayyar Turai kuwa ya kai goma sha biyu. Motar da aka saya sabuwa a shekarar arha tana nan tana shan mai idan tsada ta gaba ta zo, kuma a lokacin galibi ta bar hannun wanda ya zaɓe ta, ta koma hannun mai saye na biyu ko na uku, wanda ya ɗauke ta don ita ce kuɗinsa suka kai.